Tabar da Aka Ɗaure da Silin Gashi

Tun kafin mu bar birninmu Aizawl Baba ya ja ni gefe ya ce in sa wa ƙanwata ido. Bai ce saboda wa ba, ni ma ban tambaya ba, don har kajin unguwarmu sun san sunan Siang.

Ni ce Dini, babbar 'yar Upa Zuala, dattijon ikilisiyarmu. Duk lokacin da matasan majami'a za su tafi aikin taimako ni ake ɗora wa girki, ko da yake shekaruna sun fara yi wa kalmar matasa dariya. Wannan karon an ƙara mini aikin gadi a kan na tukunya.

Ruati ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, mace mai hankalinta, ba yarinya ba. A zuwanmu na bara sansanin 'yan gudun hijira da ke kan tudun nan na saman kogin Tiau, iyakar ƙasarmu, ta haɗu da Siang, kuma tun daga nan Ruatin da muka sani ba ta dawo gida duka ba. Sai ka gan ta tsaye a baranda da tsintsiya a hannu, tana kallon gabas, ba shara ba magana.

Siang malamin makaranta ne daga ƙetaren kogi. Yaƙi ya cinye ƙauyensu da makarantarsa, ya ƙetaro da ɗalibansa, wani a wuya wani a hannu. Ba shi da gida, ba shi da takarda, ba wanda ya san ko gobe zai koma. Abin da Baba ya gani ke nan, kuma ba zan ce ƙarya ya gani ba.

Wanda Baba ke so shi ne Peka, shugaban matasanmu, ma'aikacin gwamnati mai gida hawa uku manne a jikin dutse. Peka ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya, in ya yi maka alheri sai ya tsaya ya ga ko ka lura. An riga an tsayar da magana, ranar Laraba da yamma bayan mun koma, manzannin gidansu za su zo wurin Baba neman auren Ruati. Ba wanda zai ɗaure ta ya kai ta, amma Ruati ba ta taɓa ce wa Baba a'a ba tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma kowa ya san ba ranar za ta fara ba.

Muka iso sansanin da buhunan shinkafa a bayan mota, bayan wuni guda a kan hanyar nan da in ruwa ya sauka da ƙarfi ƙasa ke zamowa ta rufe ta, a yi kwanaki ba shiga ba fita. Shinkafar ta Ubangiji ce, wadda kowace mace ke ɗiban cikin hannu ta ware kafin ta ɗora tukunya. Har da ta gidanmu a ciki, ni na ɗebe ta da hannuna.

Siang ne ya fara sa kafaɗa ya ɗauki buhu. Ya gaida ni, ya gaida Peka, ya gaida direba. Da ya zo kan Ruati sai ya gaida ƙasar da ke gabanta ya wuce.

Gadin da aka sa ni bai ba ni wahala ba, don mutanen nan biyu ko kusa da juna ba sa zuwa. Ita tana rumfar magani tana auna jarirai tana wanke gyambo, shi yana rumfar gora da ya mai da makaranta, tsakaninsu filin da yara ke buga ƙwallon tsumma. Amma da safe, lokacin da gajimare ke kwanciya a kwari a ƙarƙashinmu har sansanin ya zama kamar yana yawo a kan auduga, sai in ga kowannensu ya fito da kofin shayinsa, shi can ita nan, suna kallon abu ɗaya. Ni da nake hura wuta a tsakiya sai in ji kamar na shiga ɗakin mutane ba sallama.

Ran nan da hantsi wani babur ya hawo tudun da rugugi. Kafin ka ce me, yaran makaranta sun zube ƙarƙashin bencina, ƙananan sun toshe kunnuwa, don a wurinsu duk ƙarar da ta taso daga nesa ta jirgin sama ce. 'Yan matanmu na birni suka tsaya cirko-cirko da takardun zane a hannu.

Siang bai ce wa yaran su fito ba. Ya zauna a ƙasa tare da su, ya jawo gangar majami'a, ya fara waƙar nan ta makiyayi mai kyau a hankali. Sai muka ji wata murya ta ɗauka daga rumfar magani, siririya, tana bin tasa daga sama. Yaran suka riƙa leƙowa ɗaya bayan ɗaya, suna neman inda murya ta biyu take fitowa. Aka gama waƙar, shi bai waiga ba, ita ba ta fito ba. Ni kuwa wakena ya ƙone.

Da yamma na tsare ta a wurin wanki.

“Ke da shi me kuka ƙulla?”

“Ba komai, Yaya.”

“Ba komai ɗin ne ya ƙona mini wake?”

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ta zauna a kan dutsen wanki, kumfa har gwiwar hannu, ta ce tun bara bai taɓa furta mata kalma ɗaya ba. Ta ce in da ya ce yana so, da ta san abin da za ta tsaya a gaban Baba da shi. Amma yaya za ta ƙi manzannin mutane saboda mutumin da ko idonta ba ya kallo?

“To wataƙila ba ya so,” na ce, don in gwada ta.

“Yana so. Na sani kamar yadda na san sunana. Shinkafar nan ce, Yaya. Kullum in an zuba masa sai ya daɗe yana kallon kwanon kafin ya ci. Yana ganin wanda ake ciyarwa da cikin hannun gida ba shi da bakin neman 'yar gidan.”

Na ce ta faɗa masa da kanta mana. Ta dube ni kamar na ce ta hau mumbari ba zane. A wurinmu mace ba ta nuna bambanci tsakanin masu zuwa wurinta. Wanda take so da wanda ba ta ƙaunar gani, fuska ɗaya, shayi ɗaya, murmushi ɗaya. Haka aka raine mu, kuma Ruati ta fi kowa riƙo da abin da aka koya mata.

Ashe ba mu kaɗai ba ne a wurin wankin. Pi Tial, tsohuwar da rumfarta ke bayan famfo, tana zaune tana naɗa tabar gida da take sayarwa, hannunta na rawa, kunnenta kuwa lafiya lau. Sai ta kira Ruati ta ce ta zo ta taya ta ɗauri, idonta ba ya ganin zare.

Ranar Juma'a Baba ya iso don rufe aikin da addu'a, a cewarsa. Ya zagaya rumfuna, ya ɗora hannu a kan yara, ya yi wa'azi a kan baƙon da aka karɓa ashe mala'ika ne. Ya yi wa'azin da gaske har idonsa ya kawo ruwa. Da aka tashi Siang ya zo gaishe shi, Baba ya ba shi hannu yana kallon wani wuri.

Bayan cin abincin yamma, rana ba ta kai ga faɗuwa ba, Pi Tial ta aiko wai dattijo ya zo ya sha shayin bankwana a rumfarta, ya taho da shugaban matasa, malamin yara ma ya zo. Ba a ƙin kiran tsohuwa. Muka zauna kewaye da murhu, jan shayi da ɗan mazarƙwaila, gajimare na shigowa ta tsagin gora yana fita ta ɗaya gefen.

Sai ta turo faifan taba gaban Ruati.

“Ba ni da 'ya a gidan nan, tawa tana kwance a ƙetaren kogi. Ke ce 'yar gida yau. Naɗa wa baƙi.”

Sai a lokacin na tuna abin da kakarmu ke faɗa. Abu ɗaya tak aka bar wa budurwa ta yi magana da shi a da. In samari sun zo hira takan naɗa wa kowa taba ta ɗaure da farin zare. Amma in ta tsinki silin gashin kanta ta ɗaure ta wani da shi, to ta gama magana. 'Yan Aizawl sun manta wannan tun da taba ta koma cikin kwali. Mutanen ƙetaren kogi ba su manta ba.

Ruati ta naɗa ta farko ta ɗaure da farin zare, ta miƙa wa Baba. Fuskar Baba ta saki, don likita ya hana shi tun shekarar da ta wuce, kuma ga dalilin da ba mai musunsa ya samu. Bai kai ga sa ta a baki ba Peka ya miƙo hannu ya zare ta daga yatsunsa, ya jefa cikin wuta.

“Ka yi haƙuri, Pu,” ya ce, da kiran girman da muke yi wa dattawa. “Lafiyarka amana ce a wuyanmu.”

Ya juya ya kalli Ruati ya ga ko ta lura. Baba ya bi tabarsa da kallo har ta zama toka.

Ta naɗa ta biyu da farin zare ta miƙa wa Peka. Ya ɗaga tafin hannu ya ce shi jikinsa haikalin Ubangiji ne, ya ɗan yi mana bayani a kan haka, muka ce amin.

Ta ɗauki takarda ta uku. Ina kallon yatsunta. Ta zuba, ta naɗe, ta kai hannu kamar mai gyara ɗaurin kai, ta sauko da shi. Peka na can yana ƙarasa zancen haikali. Ta zagaya silin a jikin tabar, ta ƙulle, ta miƙa wa Siang da hannu biyu, idonta a kan murhu.

Ya karɓa. Ya riƙe ta a tafin hannunsa, ya daɗe, kamar yadda yake daɗewa a kan kwanon shinkafa. Daga nan ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya rusuna, ya miƙa wa Baba.

“Pu, bai kamata in riƙe ba, hannunka ba komai.”

Pi Tial ta rufe ido. Ruati ta yi fari fat. Peka ya buɗe baki zai sake ceton lafiyar dattijo, Baba ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya yi shiru.

Baba ya kawo tabar kusa da idonsa, ya juya ta a hasken wuta. Baƙin silin ya ɗan yi ƙyalli. Nan take na tuna wata busasshiyar taba da ke cikin akwatin da yake ajiye Littafi Mai Tsarki na mahaifiyarmu, wadda bai taɓa kunnawa ba. Ranar da na taɓa ta ina yarinya, faɗan da ya yi mini ya fi na ranar da na fasa gilashin taga. Shekaru duk ina ɗauka mantuwa ce ta bar ta a wurin.

Bai kunna ba, bai jefar ba. Ya sa ta a aljihun gaban rigarsa, ya shanye shayinsa, ya yi wa Pi Tial godiya, ya ce mota za ta tashi da sassafe, kowa ya haɗa kayansa. Ya fita, Peka na biye da shi yana ba shi labarin yawan buhunan da aka raba.

Na kwashi kofuna na nufi famfo, don na san inda za a yi ta. Rana ta rage kaɗan a kan dutse, kogin can ƙasa ya yi ja. Ruati ta tarar da Siang yana tara ruwa a jarka. Na durƙusa bayan tankin ina wanke kofi ɗaya har ya kusa hujewa.

“Ka gani, ko ba ka gani ba?”

Ya rufe famfon. “Na gani.”

“Ka gani ka bayar.”

“Na bayar.”

“A gaban mutane na yi abin da ban taɓa zaton zan iya ba, Siang. Na cire kunyata na naɗe ta na ba ka, ka ɗauka ka miƙa wa wani kamar gishirin aro.”

Kukan ya ƙwace mata. Ya tsaya da hannuwansa a gefe, ya rasa inda zai kai su.

“Ba wani na ba wa ba. Mahaifinki na ba wa.”

“Me ya bambanta?”

“Ruati, tun da na ƙetaro kogin nan ban ci loma ɗaya da ba daga hannun mutanenku ta fito ba. Yaran nan da nake koyarwa, da shinkafar gidanku suke tsaye. In na sa tabar nan a aljihu na yi shiru, na zama baƙon da aka ba masauki ya fita da abu ta taga. Gobe a ce ga abin da 'yan ƙetare ke yi in an karɓe su. Ba ni kaɗai zan sha kunyar ba, har su.”

“Ni fa? Ni ba na cikin lissafin?”

“Ke ce duka lissafin.” Ya ɗago ya kalle ta, karo na farko da na ga ya yi haka. “Tun bara ba na barci sai na ji muryarki a kan tawa. Amma in zan same ki, daga hannunsa nake so ki fito. In ya hana, zan ci gaba da yi wa yara waƙa da murya ɗaya.”

Ta ce masa ranar Laraba manzannin gidan su Peka za su zo. Ya ce ya sani, Peka ya faɗa masa da kansa, har ya ce zai so yaran sansani su yi waƙa ranar bikin. Ta yi dariya cikin hawaye, ta ce shi da Peka duk ba su da hankali, kowa da irin nasa. Ta juya ta tafi, ya ɗauki jarkar da ko rabi ba ta kai ba ya bi wata hanyar. Ni kuwa na tsaya da kofi a hannu, tausayinsu ya cika ni, haushinsa kuma ya fi tausayin yawa.

Da safe gajimare ya rufe tudun har ba ka ganin ƙarshen motar. Yara suka kewaye mu suna riƙe zannuwan 'yan matanmu, masu kuka na yi, masu neman alewa na yi. Ruati ta shiga tun da wuri ta zauna jikin taga, idanunta a kumbure. Peka na bakin ƙofa yana kiran sunaye. Siang na ɗora kaya a saman mota, yana ɗaure su da igiya fiye da yadda suke bukata.

Baba ya zo ƙarshe. Ya sa ƙafa ɗaya a matakala, ya tsaya, ya sauke ta.

“Malam, sauko.”

Siang ya sauko yana goge hannu a wando. Baba ya sa yatsu a aljihun rigarsa ya fito da tabar.

“Jiya ka ba ni abin da ba nawa ba. Ni an hana ni taba, ga wanda ya hana ni nan tsaye.” Ya kama hannun Siang ya buɗe, ya ɗora ta a ciki, ya rufe yatsun da nasa. “Kada ka kunna. Irin wannan ba a kunna ta.”

Siang ya manna hannun a ƙirjinsa.

“Ban ce na ba ka komai ba, ka ji ni da kyau. Tambayoyina suna da yawa, kuma ba a bakin hanya ake amsa su ba. Ranar Laraba da yamma ina da baƙi, na ba su rana, ba na saɓa rana. Amma ni mai sammako ne. Duk wanda ya riga su zama a kujerata, shi zan fara saurara.”

“Pu, ba ni da kowa da zan turo. Manyana duk suna...” Ya kalli wajen kogi.

“Wa ya ce ba ka da kowa?”

Pi Tial ce, ta fito daga cikin gajimaren tana dogara sanda, tana gyara ɗaurin zane. Ta ce ita dama ba ta taɓa ganin Aizawl ba, an ce gidaje a kan gidaje suke, tana so ta gani kafin ta mutu. Ta ce za ta nemo wani tsoho mai sauran haƙora ya raka ta, don magana ta yi nauyi.

Peka ya tsaya da takardar sunaye a hannu, yana kallon tabar, yana kallon Baba, yana neman wanda zai fahimtar da shi yadda abin da ya jefa a wuta jiya ya dawo da safe ya ƙone shi. Na ji tausayinsa da gaske. Ya shiga mota ya zauna kusa da direba, na ga ya ciro wayarsa yana neman gida.

Yau Asabar, gobe Lahadi ba motar da ke motsi a ƙasarmu. Litinin da Talata suka rage wa malami da tsohuwarsa, a kan hanyar da ba ta da alƙawari in ruwa ya sauka.

Motar ta tashi. Yara suka biyo mu da gudu suna waƙar makiyayi. Ruati ta manna goshinta a taga, tana kallon Siang tsaye a inda Baba ya bar shi, hannunsa a dunƙule a ƙirji, har gajimare ya haɗiye shi. Ta kamo hannuna ta matse, tana murmushi, hawaye na zuba. Na buɗe baki zan tsokane ta in ce ta tanadi sauran gashin kada ta ƙare da sanƙo.

Sai na ga direba ya leƙa sama ya girgiza kai, ya kunna abin share gilashi. Ɗigon farko ya sauka a daidai goshinta, ta wajen taga.